Buhu Biyu na Irin Citta

Fadan Kaje,
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga 'yata Fatimatuzzahra'u,

Gaisuwa mai yawa cikin alherin Ubangiji. Ina fata kina lafiya, karatun noman nan kuma bai hana ki cin abinci ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta fara gaya mini damina ta kusa. Kowa yanke sunan nan naki yake yi, wannan ya ce Fati, wancan ya ce Zara. Ni kam sai na rubuta shi duka, ko biro zai ƙare.

Na haɗu da babanki a kasuwar Kafanchan ranar Juma'a. Ya ƙara tumbi, ki ce masa ni na faɗa. Baki har kunne yake ba ni labari wai kin yi rubutu a kan cutar citta a wani babban kundin ilimi da ke intanet, da Hausa, kowa a duniya yana iya karantawa. Ya nuna mini a wayarsa, amma rubutun ƙanana ne, idona bai kai ba. Kakarki Asibi yayar babana ce, don haka ina da ikon in sa ki aiki ko kina jami'a. Ki buga mini shi a takarda, ki ba Nuru direba a tasha, ya san gidana.

Ga dalili. Kin san abin da cutar nan ta yi mana bara. Ganye ya yi rawaya, muka tona muka tarar da ruɓa tana wari. Duk gonata abin da ya tsira shi ne ɗan fegin da ke bayan dutse, buhu biyu kacal. Na binne su a rami ƙarƙashin mangwaro, ina leƙa su kullum. Irin nan tun na babana ne, ban taɓa sayen na kasuwa ba, kuma in waɗannan buhuna biyu suka tafi, shi ke nan ya ƙare a gidanmu. Mu tara ne a Zumuntar Mata ta cocinmu da muke da ɗan abin da ya rage. Kowa tana tsoron sa shi a ƙasa, kowa kuma ta san ba zai zauna a rami har abada ba.

Na ce musu su kwantar da hankali, muna da 'ya a Zariya. Ga acca nan na aiko miki, na ji azuminku ya kusa.

Goggonki,
Damaris

Zariya,
13 ga Maris

Zuwa ga Goggo Damaris,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni ina nan ƙalau, yau azuminmu uku. Accar ta iso, kuma 'yan ɗakinmu sun ce a gaya miki Allah ya saka da alheri, don da kununta muke buɗe baki. Saƙon tumbi kuwa ba ni zan kai ba, ki bari sai kun sake haɗuwa.

Goggo, da na karanta wasiƙarki sai da na yi ƙwalla. Ban san abin ya kai haka ba. Amma na ji daɗi da kika tuna da ni, don wata biyu na yi a kan rubutun nan. Duk abin da na faɗa a ciki daga littattafai da takardun bincike na ɗauko shi, na kuma nuna inda na samo kowanne, don a kundin ba a yarda mutum ya rubuta abu daga kansa ba. Ga shi nan shafi uku, na sa mai shagon ya ƙara girman rubutun saboda idonki. Ki fi mai da hankali ga shafi na biyu, inda aka yi maganar gyaran iri kafin shuka.

Bari in ba ki dariya. Akwai wata mai suna Binta, tana cikin masu duba rubutun da muke sawa. Ban taɓa ganinta ba. Ta zo ta liƙa mini sanarwa a saman shafin wai akwai gajerun kalmomi da sunayen kimiyya da ban yi bayaninsu ba. Na amsa mata cewa kowace irin wannan kalma na mai da ita shuɗiya, mai karatu ya danna ta kawai, ta kai shi inda aka yi cikakken bayani. In na tsaya fassara kowane harafi, yaushe zan gama? Ta ce ba kowa ne yake dannawa ba. Na ƙyale ta. Wasu mutane sai sun sami abin gyara suke jin sun yi aiki.

Bana ba zan zo gida Sallah ba, jarrabawa tana biye da ita. Ki gaishe mini da matan Zumunta, ki ce musu in sha Allahu bana za a ga bambanci.

'Yarki,
Fatimatuzzahra'u

Fadan Kaje,
2 ga Afrilu

'Yata Fatimatuzzahra'u,

Salama a gare ki. Yaya azumi? Mun yi Ista lafiya, na ci nama har haƙorina ya yi ƙara. An yi ruwa sau biyu, ƙasa ta fara laushi.

Takardarki ta iso, na kuma karanta wa mata bayan sujada, a ƙarƙashin bishiyar coci. Da kin ga yadda suka yi tsit. Inda kika kwatanta yadda ganye yake fara rawaya daga ƙasa, Emilia ta dafa ƙirji ta ce yarinyar nan ta shiga gonarta ne? Da na gama suka tafa. Ni kuwa na kumbura, na ce musu ai jininmu ce.

Shekara talatin ni nake karanta wa Zumunta Littafi Mai Tsarki, kuma ina da dabarata. In na iso inda aka jera sunayen zuriya, wane ya haifi wane, sunayen da harshe ba ya iya juyawa, sai in sassauta murya in ɗan yi tari in faɗa kan aya ta gaba. Haka na yi wa takardarki. Kin rubuta: “Kafin shuka a yi wa iri wankan ruwan zafi, HWT 50°C/10 min., sannan a shanya a inuwa.” Waɗannan baƙaƙen na tsakiya na san na malamanku ne, na gaishe su na wuce. Abin da ya shafe mu ai kin faɗa da Hausa, ruwan zafi da inuwa. Shuɗin da kika ce ana dannawa ban gan shi ba, duk takardar baƙa ce, amma ba komai.

Afiniki, kin san ta da tambaya, ta ɗaga hannu ta ce, “Mama Damaris, wannan ruwan zafi, na wanka ne ko na fige kaza?” Na ce mata wace cuta ce take mutuwa a ruwan wanka? Aka yi mata dariya.

Mun sa rana. Alhamis sha ɗaya ga wata duk mu tara za mu haɗa irinmu a gonata ta ƙetaren rafi. Fasto ya ba mu aron manyan tukwanen biki guda biyu, kowa za ta kawo itace. Gobe zan koma bukkar gona in zauna har a gama shuka. Can babu sabis, kada ki wahalar da kanki da kira.

Allah ya ba ki nasara a jarrabawa. A yi Sallah lafiya.

Goggonki,
Damaris

Zariya,
15 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Yau da safe wasiƙarki ta same ni. Nuru ya tafi garinsu Sallah da ita a aljihun mota, ya manta. Na duba na ga Alhamis ɗin ta wuce da kwana huɗu. Na kira wayarki ba adadi, a kashe. Na kira Baba, yana Legas ya raka kaya.

Goggo, baƙaƙen da kika tsallake su ne maganar duka. Guda ukun farko gajarta ce ta Turanci, sunan wankan ne kawai, ba su da wani amfani a wurin, na sa su ne don in yi kama da masu bincike. Amma hamsin ɗin nan awon zafi ne, kusan rabin zafin tafasasshen ruwa. Na ƙarshen kuma minti goma ne. Ana so zafin ya kashe cutar da ke jikin iri, ya bar idon citta da rai. In ruwa ya tafasa, dafa shi aka yi, ba zai taɓa tsirowa ba. Tambayar Afiniki ita ce daidai, kuma ni ya kamata in amsa ta tun a cikin rubutun.

Laifina ne. Na zauna ina yi wa Binta dariya, alhali na ɗauki rubutun da bayaninsa yake bayan shuɗin kalmomi na buga miki a takarda. Ta yaya za a danna takarda? Ko a raina ban kawo ba.

Idan akwai wadda ba ta sa nata a ruwa ba, don Allah ki tsayar da ita. Ga sabuwar takarda. Na cire harufan nan uku gaba ɗaya. Duk inda lamba ta fito na faɗi abin da take aunawa da cikakkiyar kalma, duk kalmar kimiyya kuma na yi bayaninta nan take a inda ta fara fitowa. Haka na gyara na intanet ɗin ma, na kuma ba Binta haƙuri a fili. A cikin safar nan akwai ma'aunin zafi na kwalba, na ɗaura jan zare a kan hamsin. Bokiti ɗaya na tafasasshe a kan biyu na rijiya zai kawo ki kusa, amma zaren za ki bi, ba yatsa ba.

Na tsaya a tasha sai da na ga Nuru ya sa wannan a aljihun rigarsa. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne.

'Yarki,
Fatimatuzzahra'u

Fadan Kaje,
19 ga Afrilu

Fati,

Saƙo ya iso, kwalbar ba ta fashe ba. Kada ki zo, ki yi jarrabawarki. Zan rubuta.

Damaris

Zariya,
22 ga Afrilu

Zuwa ga Goggo Damaris,

Ina gaishe ki da girmamawa. Lafiyar jiki dai ina da ita.

Na ga takardarki. Tunda na iya karatu ba ki taɓa yanke sunana ba sai yau, ba ki kuma taɓa rubuto mini ba gaisuwa ba. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Kin tsaya gaban mata takwas kin ce jininku ce, ni kuma na kunyata ki. Na tambayi Nuru abin da ya gani, ya ce shi dai ya ga kin rame, ba ki tsaya hira ba. Tun daga nan nake lissafa gidajen da na hana shuka bana. Jarrabawar yau ban san abin da na rubuta ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In akwai sauran iri, ko kwano ɗaya ne, ki shuka shi yadda kika saba, kada ki bi sabuwar takardar. Na karanta ta ya fi sau ashirin, ban ga kuskure ba, amma ta farkon ma ban ga kuskurenta ba. Ban yarda da hannuna ba yanzu. Na gaya wa Binta zan daina rubutu a kundin, a bar wa waɗanda suka san abin da suke yi.

Ko faɗa ne ki yi mini, Goggo, ya fi mini shirun nan.

'Yarki, in har yanzu kin yarda,
Fatimatuzzahra'u

Fadan Kaje,
29 ga Afrilu

'Yata Fatimatuzzahra'u,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Ina lafiya, gwiwa tana nan da halinta. “In har yanzu kin yarda” kuma? Wa ya koya miki wannan shirmen? A kan murfin motar Nuru na rubuta waccan takardar, fasinja suna zagi, shi yana danna oda. Da na tsaya rubuta sunanki duka da motar ta kai Kachia. Ramar da ya gani kuma ta aikin gona ce.

Zauna ki ji. Irin matan nan takwas ba wanda ya taɓa ruwa. Nawa ne ya tafi, buhu ɗaya.

Tunda na amsa wa Afiniki raina bai kwanta ba. Na san ba daga takarda na ɗauko amsar ba, daga bakina ta fito. Kunya ta hana ni in ce ban gane rubutun 'yata ba. Sai na ce bari in riga su. Ranar Talata, kwana biyu kafin su zo, na hura wuta ni kaɗai, ruwa ya tafasa, na juye buhu ɗaya. Na yi tunanin in daidai ne ban rasa komai ba. In kuma ba daidai ba ne, a ce Damaris ta tsufa, kada a ce takardar Zariya ce ta cinye irin gari.

Ban ma kwashe ba na sani. Gona duka ta ɗauki ƙamshin shayi. Na ciro ɗaya, bawon ya saɓule a hannuna, idanun da suka fara fitowa sun yi laushi sun kwanta. Na zauna a kan dutse na yi kuka sosai, ba zan ɓoye miki ba. Irin babana ne na dafa da hannuna.

Ranar Alhamis suka iso da buhuna a ka da itace. Na tsaya gabansu na ce a sauke kaya, akwai wurin da na tsallake a takardar don ban gane shi ba, ga kuma abin da tsallaken ya jawo. Na ɗauka za su yi fushi. Emilia ta daɗe tana kallon dafaffiyar cittar, sannan ta ce, “Mama, mu duka mun sani kana tsallake suna a Baibul. Shekara talatin kana tari a wuri ɗaya. Mun yi shuru ne kawai.” Ga hawaye a fuskata ga dariya. Ashe duk wayon nan ni kaɗai nake yi wa.

Don haka kada ki kwashe laifin duka, ki bar mini rabona. Ke kin rubuta abin da ba ki bayyana ba, ni na karanta abin da ban tambaya ba.

Sabuwar takardar ta fi, amma kada kanki ya kumbura. Mun karanta ta tare, duk inda wata ta tsaya na sa alama da gawayi. Wuri uku ne. Mene ne kadada a gonar da muke aunawa da taki? “Ƙwayar cuta” da kika ce, a ƙasa take ko a jikin iri, ko duka? Sannan a shanya a inuwa har yaushe? Na biyun da na farko za su iya jira. Na ukun muka yanke da kanmu, sai bawo ya bushe a hannu. Ga takardar na mayar miki, ki gyara, ki nuna wa Binta. Maganar dainawa kuwa ban ji ta ba.

Roƙonki ya iso ranar Alhamis. Na karanta, na ninke, ranar Juma'a na sa buhu na biyu a ruwa. Afiniki ce ta riƙe kwalbar, ba ta ɗauke ido daga jan zaren ba, in ya sauka ta ce a ƙara na zafi. Emilia ta riƙe agogon mijinta. Sauran suka ce za su jira su ga nawa tukuna, ban kuma ga laifinsu ba. Da ya sha iska muka shuka, muka rufe da ciyawa. Layi goma sha huɗu ne. Yanzu sai jira.

Goggonki,
Damaris

Fadan Kaje,
21 ga Mayu

'Yata Fatimatuzzahra'u,

Gaisuwa da yawa. Ina fata an gama jarrabawa lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso, da takardar da kika gyara. Ban amsa ba don ba ni da abin faɗa tukuna, kuma na ga ke ba a yi miki gajeren rubutu.

Sati biyu ba abin da ya motsa. Kwana goma sha takwas, shiru. Matan suka daina tambayata, sai dai in ga sawunsu a bakin gona da safe. Uku daga cikinsu suka gaji suka shuka nasu haka nan. Emilia ta zo ta ce in bai fito ba za ta ɗebar mini daga nata, na ce mata na gode, amma na kasa kallon fuskarta.

Ranar Asabar na ɗaga ciyawa a layin farko, sai ga tsinin kore ya huda ƙasa. Na ɗaga gaba, ga wani. Na bi layi goma sha huɗun nan da rarrafe, da gwiwar nan tawa. Akwai gurbi nan da can, amma ko'ina ya fito. Ko cutar za ta dawo da ruwan Agusta, wannan Allah ne ya sani. Yau dai irin yana da rai. Sauran mata biyar sun karɓi kwalbar, tana yawo gida gida, Afiniki tana bin ta kamar ita ta haife ta. Rabin gonar da ya rage na zuba masara.

A wasiƙunki duka biyu kin tambaye ni me ya sa na sa buhun ƙarshe bayan kin roƙe ni kada in sa. Tsoro kam na ji lokacin da nake juyewa. Amma na karanta wasiƙarki na ga yarinyar da take shirin ajiye biro saboda ni. Citta in ta ƙare, zan iya cire kunya in roƙa a wurin Emilia. Ke kuwa ba ni da inda zan je in roƙo wata.

Goggonki mai ƙaunarki,
Damaris